Bonas ɗin na'urar caca: daga aljihun wa yake fitowa?

Ba sai an gina katafaren gidan caca mai walƙiyar fitilu irin na Las Vegas a Bauchi ba. Gidan ya riga ya shigo, yana cikin aljihun samari. Yawancin manhajojin da ake cacar ƙwallo da su suna da wani sashe na kasino a gefe, wato wasannin na'urar caca masu juya alamomi a allo, kuma idan wasan Firimiya ya tashi tikiti ya tsinke, ɗan canjin da ya rage can ake juya shi. Daga Gwallameji zuwa Yelwa zuwa Bakin Kura, kalaman iri ɗaya ne: "saura ƙiris bonas ya faɗo", "wasan nan ya ƙoshi, yau sai ya yi amai", "ai da ruwan ciki ake jan na rijiya".

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, malamai kuma ba su gaza wajen faɗa ba. Abin da ba a cika zama a warware wa mutane ba shi ne yadda na'urar kanta take aiki. Yaron da ya san haramun ce amma yana ganin akwai riba a ciki, cewa zai yi bari ya ci sau ɗaya sannan ya tuba. Irin wannan, lissafi ya kamata a baje masa. Kuma duk lissafin yana taruwa ne a kan abin da ya fi ɗaukar masa hankali, wato bonas, zagayen garaɓasa da kan buɗe jifa-jifa a cikin wasan.

Asalin na'urar daga birnin San Faransisko na Amurka ne, a shekarun 1890, inda wani makaniki mai suna Charles Fey ya ƙera wadda ya kira Liberty Bell. Ganguna uku ne na ƙarfe a jere, kowace da zanen alamomi a jikinta. Ka jefa kwabo, ka ja mariƙi, su juya su tsaya. In ƙararrawa uku suka jeru, ka ci santi 50. Babu bonas, babu kiɗa. Kuma ƙarfe yana da iyaka: gangar da ke da matsaya 22, idan aka haɗa uku, hanyoyin da za su iya tsayawa 10,648 ne kawai. Da wannan adadi mai na'ura ba zai iya yin alkawarin miliyoyi ba, domin babban rabon zai riƙa fitowa da wuri har ya karya shi.

Wanda ya kwance wannan ƙulli wani masanin lissafi ne ɗan asalin Norway, Inge Telnaes, wanda ya samu rajistar fasaharsa a Amurka a 1984. Dabararsa ita ce a bar gangar da ido ke gani yadda take, amma a sa kwamfuta ta riƙe wata ganga ta ɓoye mai matsaya da yawa, a ce 256. Alamar babban rabo a ba ta matsaya ɗaya tak a cikin 256 ɗin, gurbin da babu komai a ba shi goma ko fiye. Ganguna uku irin wannan sun ba da hanyoyi 16,777,216. Tun daga ranar, abin da ido ke kallo ya rabu da abin da ke yanke hukunci. A wayar yau ma babu ganga ko ɗaya, zane ne kawai. Akwai wata manhaja a kwamfutar kamfani da ke fitar da lambobi barkatai, kuma daidai lokacin da yatsa ya taɓa maɓalli ta riga ta cafke lambar da za ta yanke ci ko faɗuwa. Juyin da ake kallo na daƙiƙa uku ko huɗu, labari ne ake ba ka na abin da ya riga ya faru.

To yanzu ga inda zancen yake. Kowane wasa an ɗaure shi a kan wani adadi da ake taƙaitawa da haruffan RTP, wato kason kuɗin da zai koma hannun masu wasa idan aka tattara miliyoyin juyi. A wasannin intanet ya fi yawa a kewayen kashi 96 cikin 100. A duk naira 100 da ta shiga, 96 za ta fita zuwa hannun wasu, 4 ta zauna wa mai gida. Naira huɗu kamar ba komai ba. Sai dai kuɗin ba sau ɗaya yake wucewa ta cikin na'urar ba. Mai juyin naira 100 duk bayan daƙiƙa shida, a awa ɗaya ya yi juyi 600, ya wuce da naira 60,000 ta ciki, ko da 5,000 kawai ya zuba tun farko, domin abin da ya ci shi yake sake mayarwa. Kashi 4 na 60,000 naira 2,400 ne, duk awa.

Wannan kashi 96 ba a wuri ɗaya ake zuba shi ba. Mai lissafin kamfani yana zama ya raba: nawa zai fito a juyin yau da kullum, nawa za a ɓoye a cikin bonas. Mu ƙaddara wani wasa da aka ware wa bonas kashi 32, aka bar wa juyin gama-gari 64, aka kuma tsara bonas ya riƙa buɗewa sau ɗaya a juyi 200 a matsakaicin lissafi. Mai juyin naira 100 zai zuba 20,000 a juyi 200 ɗin. Juyin gama-gari zai dawo masa da 12,800. Ke nan kafin ƙofar ta buɗe ya zubar da 7,200. Sai bonas ya faɗo da kiɗa da tartsatsin zinariya, ya miƙa masa 6,400. Ya tashi yana murna, alhali an rage masa 800, wato dai kashi 4 ɗin nan da bai taɓa motsawa ba.

Kamar mai awo ne da ya bubbuga gindin mudunsa ya lotsa ciki, ya auna maka mudu goma, sannan ya ɗebi tafi biyu ya ƙara maka yana murmushi, wai gyara. Gyaran hatsinka ne tun asali, kuma bai kai abin da mudun ya cinye ba.

Wannan ma ga wanda lissafi ya yi wa adalci ke nan, kuma kusan babu wanda yake faɗawa daidai kan matsakaici. "Sau ɗaya a 200" ba ya nufin a juyi na 200 za a buɗe maka. Kowane juyi damarsa ɗaya ce cikin 200, ko na farko ne ko na dubu. Idan aka buga lissafin, cikin mutum 100 da suka yi juyi 200, kusan 37 ba za su ga bonas ko sau ɗaya ba. Cikin waɗanda suka daure har 400, kusan 13 cikin 100 har yanzu jira suke. Har a juyi 600 akwai biyar cikin 100 da ba su gan shi ba, kuma su ne za ka ji suna rantsuwa an yi musu maguɗi. Babu wanda ya taɓa komai. Haka aka gina abin.

Ita ma 6,400 ɗin matsakaici ce. A zahiri bonas da yawa suna ƙarewa da 1,500 ko 2,000, sannan can ba-safai-ba wani ya tashi da rabin miliyan. Wannan ɗayan shi ne ke jan matsakaicin sama, kuma hoton allonsa ne ke yawo a WhatsApp. Ɗaruruwan da suka tashi da 1,500 ba sa ɗaukar hoto. Gwargwadon yadda aka tura kuɗi cikin irin wannan rabo mai wuyar samu, gwargwadon yadda wasan ke cin aljihu da sauri. Shi ne samari ke kira wasa mai zafi, kuma abin mamaki shi suka fi so.

Nau'o'in bonas ɗin kansu ba su da wuyar ganewa. Akwai joka, alamar da ke maye gurbin kowace alama don ta cike layi, wato jerin alamomi iri ɗaya da ake biya a kansa. Wani lokaci tana faɗaɗa ta rufe ganga guda, wani lokaci ta maƙale a wurinta na 'yan juyi. Akwai sikata, wadda ba ruwanta da layi: ko ina ta faɗo a allo ana ƙirga ta, kuma uku ko huɗu daga cikinta ne mabuɗin juyin kyauta, sau 10 ko 15, da ba a cire maka komai. A cikin juyin kyautar ne ake sako ninki, a ce abin da ka ci a ninka shi sau 2, sau 5, har sau 100. A wasu wasannin alamomin da suka ci sukan fashe, na sama su rufto su cike gurbi, a sake ƙirgawa. Kamfanin Big Time Gaming na Ostireliya ya fito da tsarin Megaways, inda ganguna shida kowace kan nuna alamomi har bakwai, a samu hanyoyin ci 117,649. Adadin yana da ban tsoro a ido, amma 7 ce aka ninka da kanta sau shida, kuma bai ƙara ko kwabo a kan kashi 96 ba. An dai daddatsa kuɗin ne ƙanana-ƙanana.

Wanda ya fi wayo a cikinsu shi ne bonas na zaɓi. A 1996 kamfanin WMS ya fitar da wasan Reel 'Em In a Amurka, wanda idan bonas ya buɗe allon kan canza gaba ɗaya, a nuna masunta a kan ruwa, a ce ka zaɓi wanda zai jefa maka ƙugiya. Daga nan aka samu akwatuna, tukwane, ƙwai, duk abin da za a iya cewa "taɓa ɗaya". A wasu wasannin zaɓin na gaske ne, kowane akwati da abin da ke cikinsa. A wasu an riga an yanke abin da za ka samu, duk wanda ka taɓa shi zai fito. Ko wanne ne, matsakaicin abin da ke cikin akwatunan an riga an ƙirga shi cikin kason bonas. Amfanin zaɓin ɗaya ne: ya sa mutum ya ji da hannunsa a ciki. Wanda ya taɓa akwatin hagu ya samu 500, aka buɗe masa na dama ya ga 50,000, ba zai ce na'ura ta cuce shi ba. Kansa zai zarga, ya ce gobe zai fi nutsuwa.

Amma ni a ganina aikin bonas na gaskiya ba a lokacin da ya buɗe yake ba, a lokacin jiransa ne. Wani dare a teburin mai shayi a wajen Wunti na zauna kusa da wani matashi mai tuƙa keke, ya jingina waya da gwangwanin madara, shayinsa har ya yi sanyi. Sikata ta faɗo a ganga ta farko da wani ƙara kamar an buga tasa. Ta biyu ta faɗo a ta uku, ƙarar ta ƙaru. Sai sauran gangunan suka ƙi tsayawa: gefensu ya kama da wuta, kiɗan ya riƙa hawa, juyin ya yi ta ja. Wani dattijo da suka zo tare ya ce, "Kai ƙanena, ajiye wayar nan ka sha shayinka." Bai ko ɗago ba, ya ce, "Yaya, dubi fa, biyu sun zauna, saura ɗaya." Ta ukun ta zo ta wuce, ta tsaya rabinta a saman allo. Ya dafe kai, ya yi salati, ya sake dannawa.

Duk abin da ya faru a waɗannan daƙiƙu an rubuta shi ne da gangan. Tun da ya danna an san sikata ta uku ba za ta zauna ba. Jan juyin da hawan kiɗan umarni ne da aka ba manhaja: duk lokacin da biyu suka fito, a yi wannan wasan kwaikwayo. Kuma a tsarin da uku ke wuyar haɗuwa, biyu suna fitowa sau da yawa, don haka mutum yana shan "saura ƙiris" ninkin-ba-ninkin yadda yake shan bonas. A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge sun sa mutane wasa da irin wannan na'ura suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sun gano cewa saura-ƙiris yana tayar da wasu daga cikin sassan ƙwaƙwalwa da cin kuɗi ke tayarwa, kuma duk da cewa mutanen sun ce bai yi musu daɗi ba, ya ƙara musu son ci gaba. A ƙwallo, wanda ya bugi turke ya kusa ci da gaske, kuma atisaye zai gyara masa ƙafa. A nan babu kusa babu nesa, lambar ko ta ci ko ba ta ci ba. Tun a ƙarshen shekarun 1980 hukumar kula da caca ta jihar Nevada a Amurka ta hana na'urorin da, bayan sun yanke faɗuwa, suke sake zaɓo hoton saura-ƙiris su nuna. Sai dai ta bar dabarar Telnaes, wadda da ita ma ana iya cika gefen babbar alama da guraben banza a samu kusan sakamako ɗaya.

Akwai kuma dabarar da ke riƙe mutum a kujera tsakanin bonas da bonas. Juyin naira 100 a wasa mai layi 20, naira biyar-biyar ce a kowane layi. Layi biyu suka ci, aka ba ka naira 40. Allo ya yi walƙiya, kuɗi suka zubo da ƙara, aka rubuta maka ka yi nasara. Naira 60 ka rasa. Mike Dixon da tawagarsa a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun auna wannan a 2010, suka ga jikin sababbin 'yan wasa yana zabura a irin wannan faɗuwa kamar yadda yake zabura a ci na gaske. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa "yau wasan yana ta ba ni", alhali ma'ajiyarsa ƙasa take yi.

Da kamfanoni suka lura jira yana gajiyar da wasu, sai suka fara sayar da ƙofar. Maɓalli ne a gefen allo: biya ninki 100 na kuɗin juyinka, a buɗe maka bonas nan take. Mai juyin naira 100 zai ajiye 10,000 a dannawa ɗaya. Kason mai gida bai canza sosai ba, yana nan wajen kashi 4, amma yanzu na 10,000 ne, wato naira 400 cikin minti ɗaya ko biyu, maimakon naira huɗu. Kuma tunda yawancin bonas ƙasa da matsakaici suke biya, abin da aka fi gani shi ne a zuba 10,000 a tashi da 3,000 ko 4,000, zuciya ta ce a sake ɗaya a rama. A nan ne kuɗin makaranta da balas ɗin mai keke ke tafiya kafin a kira sallar isha'i. Hukumar caca ta Birtaniya ta hana wannan maɓalli tun 2019. Daga ƙarshen Oktoban 2021 ta ƙara hana juyi mai sarrafa kansa, da juyin da bai kai daƙiƙa biyu da rabi ba, da kiɗan murna a kan abin da bai wuce kuɗin da aka zuba ba. A 2025 kuma aka ƙayyade kuɗin juyi ɗaya: fam 5 ga 'yan shekara 25 zuwa sama, fam 2 ga 'yan shekara 18 zuwa 24. Ƙasar da ta halatta caca take karɓar harajinta ce ta ga waɗannan abubuwa sun yi yawa.

Babban rabon da ke ta hauhawa a saman allo, labarinsa gajere ne. Ana gutsurar ɗan wani abu daga kowane juyi na dubban mutane a tara wuri ɗaya. Kamfanin IGT ya haɗa na'urori da yawa a kan tsari ɗaya mai suna Megabucks a 1986, kuma a 2003 wani matashi ya ci dala miliyan 39.7 a otal ɗin Excalibur da ke Las Vegas. Sama da shekara ashirin ana ba da labarinsa, wanda shi kansa ya isa ya nuna yawan aukuwar abin.

Sai batun "ya ƙoshi". Manhajar ba ta tuna juyin da ya wuce. Ba ta san ka zuba 50,000 tun la'asar ba, ba ta san dare ya yi ba. Tukunyar zinariyar da ke saman allo tana kumbura kamar za ta fashe, a yawancin wasanni ado ce kawai, tana iya fashewa tana ƙarama, tana iya kwana a kumbure. Masu tallar "lokutan da bonas ke faɗowa" a Telegram, da masu sayar da manhajar hasashe a naira dubu biyu ko uku, da suna da abin da suke faɗa ba za su tsaya karɓar dubu biyunka ba. Yawanci hanyar rajistar da suke turo maka ita ce sana'ar, ana ba su kamasho a kan duk wanda ya shiga ta hannunsu. Haka wasu masu nuna wasansu kai tsaye a intanet, da kuɗin da kamfani ya ba su suke juyi. Abin ya yi ƙamari har dandalin Twitch ya hana nuna wasu shafukan caca a Oktoban 2022.

A nan gida, wa ke duba ko kashi 96 ɗin ma gaskiya ne? Kamfanonin da ke ƙera wasanni sukan fitar da wasa ɗaya a matakai daban-daban, mai 96, mai 94, har ƙasa da haka, mai shafi ya zaɓi wanda zai ɗora. Zane ɗaya, kiɗa ɗaya. Daga 96 zuwa 94 kamar tazarar biyu ce, amma kason mai gida ya tashi daga 4 zuwa 6, ƙarin rabi ke nan. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 a Abuja kawai take aiki, sauran kuma hurumin jihohi ne. Bauchi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2001, kuma Hisba na iya rufe shago, kamar yadda ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Amma shafin da kwamfutarsa ke wata ƙasa, kuɗi ke isa gare shi ta tiransifa cikin daƙiƙa, ba shi da ƙofar da za a garƙame.

Akwai wani bonas na daban da ake yawan rikita shi da na cikin wasa, wanda ake yi wa sabon shiga tayinsa: zuba 10,000 mu ƙara maka 10,000. A ƙasansa da ƙananan haruffa akwai sharaɗin cewa ba za ka cire ba sai ka juya kuɗin sau kaza, a ce sau 35. Sau 35 na 10,000 naira 350,000 ne da dole su wuce ta cikin na'ura. Kashi 4 na wannan 14,000 ne. Ke nan a matsakaicin lissafi, kafin ka cika sharaɗin cire kyautar 10,000 ka zubar da 14,000, kuma galibi akwai wa'adin 'yan kwanaki da in ya cika ba ka gama ba, kyautar da duk abin da ta haifa sun tafi.